Uwa Biyu, Layi Ɗaya a Katin Ziyara

Hoton nan da ke rataye a falo, saman rediyon babanku, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar Sallar da ta wuce ina kicin na ji ke Sadiya kina nuna wa 'ya'yanki shi, kina cewa ga kakarsu ranar da ta ci kyauta a makaranta, ga Innar Bawku a gefenta. Ƙaramin ya tambaya ina Gwaggon Salaga, wadda aka ce ita ta rene ni. Sai kika ce ai ita ba ruwanta da boko, tana can wajen kifinta. Mai na kan wuta, na ci gaba da suyata, amma maganar ta zauna mini a rai har baƙi suka watse. Ba laifinki ba ne. Ni ce na rataye hoto shekara da shekaru ban taɓa gaya muku abin da ke bayansa ba, kuma wanda ya yi shiru shi ya ba da izinin a faɗi son rai.

A Bawku aka haife ni, ni ce 'yar fari. Ana yaye ni aka ba da ni riƙo wajen yayar babana, Gwaggo Azumi, wadda ke aure a Salaga kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. A wurinmu wannan ba abin magana ba ne, ɗan ƙani ai na yaya ne. Gwaggo sana'arta kifi. Takan je Makango ta saro, ta yi banda a bayan gida, ta kai kasuwa. Mace ce mai murya, idan ta kira sunana daga bakin rijiya, unguwa uku ke sanin an aiki Ramatu. Ta dake ni, ta goya ni har ƙafafuna suna taɓa ƙaurinta, ta yi faɗa da malamai biyu a kaina, ɗaya ma ni ce ba ni da gaskiya. Duk tufafina warin hayaƙi suke yi, ban taɓa jin kunyar haka ba sai da na shiga sakandare aka koya mini.

Inna Habi kuwa, wadda ta haife ni, sai shekara biyu ko uku nake ganinta, idan Gwaggo ta kai ni hutu. Babana ya rasu ina 'yar shekara goma, Inna ta zauna a gidan tana sayar da albasa, tana renon ƙannena huɗu. Ku 'yan yanzu da kuke rungume ɗan fari a gaban suruka, kuna kiran sunansa har da rangaɗa shi, ba za ku gane ba. Gidan su Inna tsofaffin Hausawa ne, masu riƙon kunyar ɗan fari da haƙori. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a ido, ba ta nuna ta san shi a gaban mutane. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin Ramatu a bakinta ba. Ko dai ta ce "ke", ko ta ce wa ƙanwata, "Kai wa baƙuwar Salaga ruwa." Ƙannena kuwa tun asuba ake kwarara sunayensu. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini. Amma yarinya 'yar sha biyar ba ta cin al'ada ta ƙoshi. A raina na gama yanke cewa ta ba da ni ne don ba ta so na, al'adar kuma mayafi ce ta samu ta lulluɓa.

Shekarar da na shiga sakandaren kwana a Yendi, Gwaggo ce ta kai ni, da akwatin ƙarfe a kanta. Mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata wata Madam ce mutuniyar kudu, doguwa, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Ba muguwa ba ce, ku rubuta wannan ku ajiye. An ce kafin zuwanmu wani ya zo ya ce shi baban wata yarinya ne, aka ba shi ita, ashe ba haka ba ne. Madam kuma ta gaji da mu 'yan arewa, don duk yarinyar da ta tambaya sai ta lissafa mata uwa biyar da uba bakwai, kuma duk da gaske take. Sai ta kafa doka: kowace yarinya kati ɗaya, layi ɗaya, suna ɗaya. Wanda sunansa ke kan kati shi kaɗai zai shiga ranar ziyara. A saman layin an buga kalmomin Turanci biyu, parent da guardian, sai ka zagaye ɗaya. Madam ta nuna Gwaggo da biro, ta tambaye ni wace ce a ciki.

"Me ta ce?" in ji Gwaggo.

"Ta ce ke wace ce. Na farkon nan wanda ya haifi mutum ne, ko uwa ko uba, duk suna ɗaya gare su. Na biyun kuma mai riƙo."

"To ke me kika gani?"

Na karɓi biro na zagaye na farkon, na rubuta Azumi a kan layi da manyan baƙaƙe. Gwaggo ta sa na maimaita mata kalmar sau uku. Harshenta bai juya ba, feran ta iya cewa, kuma da feran ta koma Salaga. An ce kasuwar kifi ba ta huta ba mako guda. Duk wadda ta zo ciniki sai ta ji cewa a Yendi, a takardar gwamnati, an rubuta Azumi feran, ba gadiya ba. Matan suka mai da shi sunanta, ita ko tana amsawa da ƙarfi. Mace ce da ta yi shekara talatin ana kiranta juya a bayan ido. A lokacin dariya kawai abin yake ba ni.

Lahadin farko na kowane wata ake ziyara. Gwaggo ba ta taɓa fashi ba sai watan da ruwa ya yanke hanya, ta aiko cewa kada in sa rai. Ranar ina wanki bayan azahar aka ce maigadi yana neman duk 'yan Salaga. Mu huɗu ne. Maigadin wani tsohon soja ne Bamoshe, Baba Soja muke ce masa, Hausarsa irin ta bariki, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Ya jera mu a bakin ƙofa kamar masu fareti. A gindin dalbejiyar da ke wajen katanga na hango mace zaune da langa a cinya, zanenta ya yi ja da laka. Inna ce. Daga baya na ji cewa motar albasa ta hau, suka biyo ta garin Garu, suka kwana a hanya ana tura mota. Ban san ta taɓa wuce Bolga ba.

"Wannan mace tun safe ya zauna nan," in ji Baba Soja. "Na ce suna na yaro, ya ƙi faɗi. Na ce yaro naka ne? Ya ce yaro na Salaga ne, mai wushirya. To ku buɗe baki in gani."

Sauran ukun suka tuntsure da dariya. Ni ce mai wushirya, ba sai na buɗe ba. Ya zaro katina daga cikin kwalinsa, ya tambayi Inna ko ita ce Azumi. Ta girgiza kai. Sai ya juyo gare ni.

"Ramatu, faɗi gaskiya. Wannan parent naka ne? In ka ce shi ne, ni zan je in roƙi Madam."

Na dubi Inna. Idonta na ƙasa, tana murza bakin mayafi. Na ce a raina, yau dai ga rana. Kalma ɗaya nake so, ta ce 'yata ce, ko ta faɗi sunana ko da a ciki-ciki. Na tsaya ina jira, ƙawayena suna kallon laka da silifas ɗinta da aka ɗaure da waya. Ba ta ɗago ba. Zuciya ta ɗebe ni.

"A'a, Baba. Tawa tana Salaga."

Inna ta miƙe a hankali. Ba ni ta yi wa magana ba, maigadi ta yi wa.

"Gaskiya ta faɗa, Malam. A ba ta wannan. A ce mata ƙannenta suna gaishe ta."

Ta ajiye langar a kan bencinsa, ta gyara mayafi, ta kama hanyar tasha. Ban bi ta ba. Soyayyen zabo ne a ciki, guda biyu, da dakuwa a ƙunshe. Kada ku ce ban ci ba, na ci, yunwar makarantar kwana ba ta san fushi ba. Amma tun daga ranar duk lokacin da na rufe ido a aji, bayanta nake gani yana tafiya, kuma ina ta gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, abin da ke kan kati na faɗa.

Da aka yi hutu na koma Salaga da langar a cikin akwati, ban ce wa kowa komai ba. Kwana biyu da zuwana, da hantsi, Gwaggo tana juya kifi a kan waya, ta ce in ɗauko mata abin zuba na gida. Ni da rashin wayo na ɗauko ita. Ta karɓa, ta juya ta, ta dubi wani tabo a murfin.

"Ina kika samo langar Habi?"

"Ta makaranta ce."

"Ramatu, ni na sayi langar nan da hannuna na kai mata gudummawar aure. Tabon nan ni na yi shi, a ƙofar mota. Ina kika same ta?"

Na faɗa mata duka, har da abin da na ce wa maigadi. Wallahi na ɗauka daɗi za ta ji, ai ita na zaɓa. Ta zauna a kan turmi, ta bar kifi yana ƙonewa, abin da ban taɓa gani ba. Na shirya wa duka, amma ko murya ba ta ɗaga ba.

"Kin san yadda na ɗauko ki?" ta ce. "Ranar da zan taho da ke, duk gidan sun fito rakiya, ban da ita. Ai ba ta da ikon fitowa, sai a ce ba ta da kunya. Tana tsakar gida tana daka. Na manta ɗankwalina, na koma ɗauka, sai na leƙa turmin. Ba komai a ciki, Ramatu. Ko ƙwayar gero babu. Dakan take yi don kada a ji ta. Na ganta, ta ga na ganta, kuma na saɓe ki a baya na fita, don ina so. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa aiko mini cewa in dawo da ke ba. Ke kuma ta kwana a laka ta zo, kin ce mata taki tana Salaga."

"Ai ita ta ƙi faɗin sunana, Gwaggo."

"Ni da nake faɗinsa sau ɗari a yini, nawa na biya? Banza nake samunsa. Ita ce take biya, kullum ta haɗiye shi."

Na yi kuka ranar har na rasa murya. Gwaggo ba ta rarrashe ni ba, ta tashi ta kwashe ƙonannen kifinta.

Da aka koma makaranta ta ce tare za mu je. Muka shiga ofishin Madam, ina fassara. Gwaggo ta roƙa a ƙara suna na biyu a katin, ta yi bayanin riƙo, ta yi na kunya, har da na turmi ta so in fassara, na tsallake. Madam ta saurara da kyau. Ta ce ta gane, a garinsu ma ana riƙo. Ta ce a Turanci ma wanda ya ɗauki yaro ya rene shi kamar nasa ana iya kiransa parent, ba haihuwa kaɗai ke ba da sunan ba, don haka abin da na zagaye ba ƙarya ba ne. Amma idan ta ƙara mini layi, gobe 'yan mata ɗari za su zo kowacce da uwa biyar. Layi ɗaya ne. Ta zaro katin ta ajiye a gabana, ta ɗora biro a kai, ta ce yarinya ita ta san wa take so ya shigo.

Na dubi Gwaggo ko za ta ce wani abu. Mai bakin da ba ya rufuwa ta kama kallon kalandar bango.

"Gwaggo, me zan yi?"

"Ke ce mai karatu."

Na san Inna ko an rubuta ta, da ƙyar ta iya zuwa sau biyu a shekara, in ma ta yarda ta sake zuwa. Na san Gwaggo kowane wata take zuwa. Lissafin hankali ya ce in bar katin yadda yake. Amma na san kuma idan na fita ofishin nan ban taɓa shi ba, maganar da na faɗa a bakin ƙofa ta zauna ke nan har abada. Na ɗauki biro, na ja layi a kan Azumi, na rubuta Habiba a sama. Gwaggo ta miƙa hannu, na ba ta katin. Ba ta iya karatu ba, amma ta san inda sunanta yake, tun ranar farko ta sa na nuna mata. Ta daɗe tana kallon layin da na ja. Sai ta mayar wa Madam da hannu biyu, ta ce in gaya mata ta gode.

Daga nan Gwaggo ba Salaga ta koma ba, Bawku ta wuce. Abin da suka tattauna ban sani ba har yau, dukansu sun tafi da shi. Abin da na sani shi ne matan kasuwa sun ci gaba da kiranta feran na ɗan lokaci, ta daina amsawa, su ma suka daina. Kuma ba ta fasa zuwa Yendi ba. Duk Lahadin farko tana nan da ƙunshin kifi da garin rogo, a gindin dalbejiya. Baba Soja yakan bar ni in tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya juya baya yana gyaran rediyonsa da ba abin da ya same shi. Sau da yawa ya ce mata ta shiga, ba wanda zai gani. Takan ce a'a, kujerar tana da mai ita.

Ƙarshen shekarar aka yi bikin ba da kyaututtuka, kuma ni ce ta ɗaya a Turanci, abin dariya. Ranar ma da kati ake shiga, kowace yarinya kujera ɗaya. Na aika Bawku, ba amsa. Na tsaya a bakin ƙofa tun safe da farar riga, ina ganin motoci suna sauke mutane. Can wajen ƙarfe goma na hango su, su biyu, sun yi anko da atamfa ɗaya. Gwaggo ce a gaba, tana janye da hannun Inna. Da suka iso, Gwaggo ta sauke langar nan daga kanta ta ɗora wa Inna a hannu. Baba Soja ya zaro kati, ya gyara murya, ya soma tambayarsa ta kullum, suna na yaro. Ban bari ya ƙarasa ba.

"Baba, uwata ce. Ita ta haife ni. Habiba, ga shi nan a kati."

Da ƙarfi na faɗa, har na bayan layi suka waiwayo. Inna ta kau da kai gefe. Sai ta ce wa Gwaggo, ba ni ba:

"Yaya, yarinyarki ta rame."

"Karatu ne," in ji Gwaggo. "Shiga, kada a cinye kujeru."

Aka zaunar da iyaye a ƙarƙashin rumfa, kusa da katanga. Da aka zo kan Turanci, lasifika ta kira sunana cikakke. Na tashi ina tafiya, ina satar kallon Inna. Sauran uwaye idan an kira 'ya'yansu sukan miƙe su yi tafi, wata har rawa. Inna ba ta motsa ba, kanta a sunkuye, ta damƙe langa da hannu biyu. Sai guɗa ta tashi daga bayan katanga, doguwa, mai ƙarfi, irin wadda unguwa uku ke ji. Shugaban makaranta ya tsaya da ƙamus a hannu, kowa ya waiwaya, aka fashe da dariya da tafi. Ni kuwa da kuka na karɓi kyautar.

Mai hoto ya ɗauke mu bayan an tashi, a nan gefen rumfar. Da muka fita, Inna ta karɓi ƙamus ɗin daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta miƙa wa Gwaggo, ta ce ga na yarinyarta. Gwaggo ta goge hannu a zane kafin ta taɓa. Inna ta ƙara zuwa sau uku kafin in gama, kuma har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunana ba, ni ma na daina jira. Gwaggo kuwa ba ta sake taka cikin makarantar nan ba, ko ranar da na kwaso akwatina. Shekara talatin na koyar da Turanci bayan haka, na koya wa yara kalmar nan ba adadi, kuma duk shekara sai wani ya ɗaga hannu ya tambaya, Madam, wadda ta rene ka fa? Nakan ce ita ma, sannan in juya ga allo in daɗe ina goge shi.

Saboda haka, Sadiya, ki sauke hoton nan ki kira 'ya'yanki. Kun sha cewa Inna kunyar mai hoto ta ji, shi ya sa take kallon gefe. Ku bi idonta. Katanga take kallo. A kusurwar hagu, can sama, za ku ga reshen dalbejiya ya leƙo. Gwaggo tana ƙarƙashinsa, a tsaye, tun ƙarfe goma na safe.